Zanen Goyonki da Jinin Ishaku

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi da biyayya, a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina hutawa lafiya a inda babu ciwon gwiwa, babu hayaƙin murhu. Mu ma nan Kafanchan lafiya muke, mun gode Allah. Damina ta yi albarka bana. Dutsen Kagoro ya yi kore shar, citta ta rufe gonaki da ganye, kuma rufin ɗakin girkin nan da kika yi ta faɗa a kansa an gyara shi.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da ke cewa kin yi tattaɓa-kunne. Jikarki Alheri ta haifi ɗa namiji, sunansa Ishaku. Yana nan lafiya, yana shan nono kamar wanda aka yi wa gori. Da wannan na fara saboda na san halinki, ba kya son a ja miki rai da labari. Amma mun ga tashin hankali kafin mu kai ga wannan lafiyar, kuma zanenki yana cikin maganar. Zan sa takardar a inda jama'a za su karanta, ki yi haƙuri da hakan, akwai masu jego da ya kamata su ji.

Kafin in shiga labarin, akwai tambayarki da ban taɓa amsawa da kyau ba. Lokacin da nake jami'a, duk hutu sai kin ce, "To Rifkatu, wannan karatu naki na likita ne ko na nas?" In ce ba ko ɗaya. Ki ce, "Ai sai ki ba ni abin da zan faɗa wa matan zumunta a majami'a." In yi ta zuba miki Turanci, ke kuma kina tsince shinkafa kina gyaɗa kai. A ƙarshe kika yanke wa kanki hukunci, kika riƙa ce musu 'yarki tana karatun abin da ke cikin jini. Yau da nake koyar da ɗalibai masu koyon jinya, na sami Hausar da zan yi miki bayani da ita.

Ki tuna kunun zaƙinki. Kin jiƙa dawa, kin kai an markaɗa, kin raba ƙullun biyu. Babban kason sai ki sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri kitif, ludayi ya tsaya a ciki. Ƙaramin kason kuwa, wanda kika markaɗa da tsiron shinkafa da ɗanyen dankali da citta, sai ki ajiye shi gefe. Ni da gaggawa, in ɗauko zan juye, ki buge mini hannu. "Bari ya sha iska, kada ki kashe tsiron." In ya huce ki haɗa, ki rufe. Washegari abin da ya yi kauri ya tsinke ya zama ruwa, ga zaƙi tun ba a sa sukari ba.

Ke ba ki taɓa damuwa da dalili ba, kunu ya yi daɗi, shi ke nan. Ni kuwa dalilin ne ya hana ni sakat har ya kai ni jami'a.

A cikin tsiron nan akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ma'aikata da ido ba ya gani, sunansu enzayim. Aikin na cikin tsiro shi ne yanka. Abin da ke sa ƙullu kauri dogayen sarƙoƙi ne na sukari a haɗe, harshe ba ya jin zaƙinsu sai an daddatsa su. Enzayim ɗin sai ya kama sarƙa, ya datse, ya saki, ya kama wata. Ba ya ƙarewa a cikin aikin, shi ya sa ɗan ƙullu kaɗan yake tsinka tukunya guda. Irinsa yana cikin yawun bakinmu. Wani irin daban yana cikin ɗanyar citta, shi ne ke sa naman tsohon zakara ya yi laushi idan kika cuɗe shi da ita kika bar shi ya jima.

Shi enzayim furotin ne, furotin kuma kamar duwatsun wuyanki ne da kike sawa ranar Kirsimeti, ƙwaya bayan ƙwaya a jikin zare. Sai dai ƙwayoyin iri ashirin ne, kowace da halinta. Wata tana son ruwa, wata tana gudunsa. Da zarar jiki ya gama jera su, sai zaren ya nannaɗe kansa ya dunƙule kamar ƙwallon ulun da kike saƙa hula da shi. Masu gudun ruwa su shige ciki su ɓuya, masu son ruwa su tsaya a waje. Wannan dunƙulewar ce ke sa su iya yawo a cikin jini da ruwan jiki. A jikin dunƙulen kuma akan sami wani ɗan lungu, wanda abu guda ne tak yake shiga ya zauna daram, kamar makulli a kwaɗonsa. A wannan lungun ake aikin. Na yanka sarƙar ƙullu ba ya taɓa nama, na nama ba ruwansa da ƙullu.

Idan zafi ya yi yawa, naɗin sai ya warware, lungun ya lalace, ma'aikaci ya tashi daga aiki. Haka farin ƙwai yake sandarewa a kasko, ba ya kuma komawa ruwa. Da kin bar ni na juye tsiron nan cikin ƙullu mai tururi, da haka za mu wayi gari da kunu mai kauri marar zaƙi.

To, Mama, yanzu ga labarin.

A Zonkwa Alheri ta haihu, a gidan iyayen mijinta Bulus. Naƙudar ta zo da wuri, ina tsakiyar jarrabawar ɗalibai, sai ta waya na ji kukansa na fari. Da Asabar ta zo na hau bas da kayan yaji da garin acca, ina ta murmushi ni kaɗai har matar da ke gefena ta tambaye ni ko lafiya.

Surukar Alheri, Mama Asabe, ita ta tare ni a ƙofar gida da guɗa. Mace ce mai kirki, da kin so ta. Ta ja ni har ɗakin mai jego, ta ɗauko yaron ta ɗora mini a hannu.

A naɗe yake da zanen goyonki. Saƙin nan baƙi mai ratsin ja, wanda kika goya ni da shi, kika goya Alheri da shi lokacin da na koma makaranta na bar miki ita. Da aka raba kayanki ba ta nemi komai ba sai shi. Ashe ta adana shi yadda kike yi, a ƙasan akwati, da ƙwayoyin kafur a kowane ninki saboda kyankyasai, ta kuma jera kayan jariri a kansa tun cikin yana ƙarami.

Ƙanshin ne ya fara dukana. Ƙanshin akwatinki, ƙanshin safiyar Lahadi. Na tsaya riƙe da jikana ina hawaye, suna tsammanin murna ce kawai, alhali ke nake gani.

Sai da na share ido na lura yaron bai motsa ba duk hayaniyar nan. Na fito da shi bakin ƙofa inda haske yake. Na danna hancinsa da ɗan yatsa na ɗaga, wurin ya fito ruwan ɗorawa. Na buɗe idonsa, farin ya rine. Na warware zanen, launin ya sauka har cikinsa da cinyoyinsa. Na tambayi Alheri yaya shan nono, ta ce tun jiya barci ya fi ƙarfinsa, yana kamawa sai ya saki.

Mama Asabe ta ce ita ma ta ga ciwon shawarar, tana fitar da shi hantsi kullum. Na ce mata ta kyauta da ta lura, amma wannan ta wuce ta hantsi, asibiti za mu tafi yanzu, kuma duk abin da ya kwana a akwatin nan kada ya sake taɓa jikinsa. Ina shirin doguwar muhawara a raina. Sai kawai ta juya. Ta shiga ɗakinta ta ciro zanenta wankakke daga kan igiya, ta naɗe shi, ta leƙa waje ta ce, "Bulus, nemo mota."

Ana ruwa muka kama hanyar Kafanchan. Alheri tana rungume da shi tana kiran sunan Yesu a hankali. Ni kuwa na juya ina kallon taga, domin na san abin da nake tsoro, ban kuma so ta gani a fuskata ba.

A asibiti aka ɗebi jininsa. Likita ta dawo ta ce shawarar ta hau sosai. Aka tuɓe shi, aka rufe masa ido da ɗan ƙyalle, aka kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila. Ta ce idan abin bai fara sauka ba, sai an canza masa jini, a riƙa zuƙe nasa kaɗan-kaɗan ana mayar masa da wani.

Bari in gaya miki abin da ke faruwa a jikinsa a lokacin, tunda ke kika ce karatun jini nake yi.

Abin da ke sa jini ja wani furotin ne dunƙulalle, himogulobin. Dunƙule huɗu ne a manne, kowane yana riƙe da ɗan ƙarfe a lungunsa, da shi yake ɗaukar iskar da muka shaƙa daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Yana zaune ne a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Ɗaukar iska kuwa aiki ne mai haɗari, irin abin da ke sa ƙarfe tsatsa yana iya cin ƙwayar. Don haka Allah ya sa mata mai gadi, wani enzayim da muke kira G6PD. Shi ke samar da abin da ke kashe wannan tsatsar kafin ta yi ɓarna.

A jikin Ishaku, an sami sauyi a jerin duwatsun wannan mai gadi, ƙwaya ɗaya ko biyu cikin ɗaruruwa. Yana naɗuwa, yana aiki, amma naɗin ba ya riƙewa da kyau, sai ya gaji da wuri. Jar ƙwayar jini kuma ba ta iya ƙera sabo, da wanda aka sallame ta da shi take rayuwa. In ba abin da ya taso, lafiya lau. Amma tururin kafur yana shiga ta hanci da ta fatar jariri, ya tayar da tsatsar da ta fi ƙarfin mai gadin. Sai ƙwayoyin su yi ta fashewa. Abin da ya zube daga cikinsu shi jiki ke mayarwa ruwan ɗorawa. Hanta ce ya kamata ta kwashe shi, da nata enzayim ɗin, to na jariri sabon haihuwa bai gama farkawa ba. Shara ta yi yawa, mai shara yana barci. Idan ta taru ta wuce kima, ƙwaƙwalwa take hawa, kuma abin da ta ɓata a can ba ya gyaruwa.

Ita shuɗiyar fitilar, haskenta yana ratsa fata ya murɗe siffar wannan ruwan ɗorawa, ya zama abin da ke narkewa a ruwa, yaro ya fitar da shi a fitsari da kashi ba sai ya jira hanta ba.

Duk wannan na sha zana shi a allo. Amma Mama, sani bai rage mini tsoro ko kaɗan ba. Na zauna a benci ina kallon ɗan ƙirjinsa yana hawa yana sauka cikin shuɗin haske, ba abin da nake iya yi sai addu'ar da kika koya mini. Alheri tana tatsar nono ana ba shi da ɗan kofi. Mama Asabe ta ƙi komawa Zonkwa. Wata Hajiya daga cikin gari, wadda jikarta ke gadon kusa da namu, kullum in an kawo mata abinci sai ta tura mana kwano ta ce, "Ku ci, mai jinya ba ya jinya da yunwa." Ita tana jan carbinta, mu muna tamu addu'ar, duk fitila ɗaya muke kallo.

Da aka sake gwaji, likita ta shigo da fara'a. Ya fara sauka. Ba a kai ga canza jini ba. Bayan haka kullum sai ya ƙara sauka, har wata safiya yaron nan ya buɗe baki ya tsala kukan da ya cika ɗakin. Nas ta ce wannan ai fitinanne ne. Alheri ta ɗauke shi ta sa a nono, ya kama ya ƙi saki. Mama Asabe ta fita baranda ta yi rawa ba kiɗa.

Bayan an sallame mu ne Alheri ta same ni a ɗakin girki ta fashe da kuka. Ta ce da hannunta ta naɗe shi, so take ya ji ɗumin kakarta. Na ce mata abin da na san ke ma shi za ki ce: ƙauna ce ta sa, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata. Zanen kuwa mun wanke shi, mun shanya, mun sake wankewa. Kafur yana da naci a jikin zare, don haka ba za a goya Ishaku da shi ba. Yana nan a ɗakina a rataye, ina ganinsa kullum.

Da jikinsa ya murmure aka auna enzayim ɗin, aka tabbatar da abin da nake zato. Kada ki damu, ba ciwo ba ne da zai kwantar da shi. Zai yi ƙwallo, zai hau mangwaro, zai ci duka a wurin uwarsa kamar kowane yaro. Abin kiyayewa kaɗan ne: ban da kafur a gidansu, ban da lalle a jikinsa, ban da sayen magani a kemis kai tsaye, domin akwai wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta da ba sa shiri da jininsa. Duk likitan da zai duba shi, a fara gaya masa. Wani abin mamaki kuma, masana suna ganin wannan raunin yana ɗan kare mai shi daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wai shi ya sa ya yawaita a ƙasashenmu.

Matan zumunta sun gayyace ni na yi musu bayani a majami'a. Ƙawayenki tsofaffi suka ce, "Mu da muka raini 'ya'ya goma da kafur, me ya same su?" Na ce gaskiyarsu, yawancin yara ba abin da zai same su. Amma wanda zai samu, ba a gane shi a fuska. Sun yi gunaguni, sun yi dariya, amma na ji labari kafur ya yi kwantai a shagon bakin layinmu.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi nauyi, shi ya sa na bar ta ƙarshe.

Wannan abu gadonsa ake yi, kuma ɗa namiji daga wurin uwarsa yake karɓa. Ishaku daga Alheri ya samu. Aka auna Baban Alheri, nasa cikakke ne. Aka auna ni, nawa rabi-rabi. To daga gare ni ya bi. Ni kuma ko daga Baba, ko daga gare ki.

Ranar da na karɓi sakamakon nan, Yohanna na tuna. Ɗanki na fari, yayana da ban taɓa gani ba, wanda ya koma tun kafin cibiyarsa ta warke. Sau ɗaya tak kika yi mini maganarsa, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Kika ce, "Ya yi ruwan ɗorawa kamar an shafa masa gangamau, ya yi ta barci. Har yau ban san me na yi ba daidai ba." Kika ci gaba da ɓarar gyaɗarki, ni kuma yarinta ta hana ni sanin abin faɗa.

Ba zan iya rantsewa cewa abu ɗaya ne ba, Mama, shawarar jarirai tana da dalilai da yawa. Amma zuciyata ta fi karkata can. In kuwa haka ne, to ki ji daga bakin 'yarki da ta karanta abin: ba abin da kika yi ba daidai ba. Wani ɗan dunƙule ne da ido ba ya gani ya gaji da wuri, a ƙauyen da babu fitilar, babu gwajin, babu wanda ya taɓa jin sunansa. Kin yi wa ɗanki duk abin da uwa take yi. Na so a ce na sami wannan maganar tun kina nan, in faɗa miki ina riƙe da hannunki. Amma da na rubuta ta yanzu, na ji wani nauyi ya sauka.

Ranar Lahadin da ta wuce aka miƙa Ishaku ga Ubangiji. Majami'a ta cika, mutanen Zonkwa sun zo mota guda. Da Fasto ya ɗaga shi sama, yaron ya damƙe masa tabarau ya ƙi saki, sai a haka aka ƙarasa addu'ar, jama'a suna Amin suna dariya. Idonsa fari tas. Goshinki ne da shi, kowa ya faɗa, har da wannan tamke fuskar da kike yi in an kawo miki zancen banza.

Ubangiji ya ci gaba da ba ki hutawa a gabansa. Ya raya Ishaku, ya tsare jininsa, ya sa ya tsufa har ya ga nasa jikokin. Ya ta'azantar da duk uwar da ta rasa jariri ba ta san dalili ba. Ya sa wa Mama Asabe albarka, da Hajiyar nan da jikarta, da hannuwan da suka yi mana jinya. Ya kuma haɗa fuskokinmu a ranar da ya shirya. Amin.

Idan Yohanna yana kusa da ke, ki ce ƙanwarsa tana gaishe shi. Ki gaya masa wani ɗan gidanmu ya zo da irin ciwonsa, kuma wannan karon ya zauna.

Ni ce 'yarki,
Rifkatu